Daga Dawanau zuwa Apapa: Wa Ke Riƙe da Shaidar Abincin da Ke Kan Hanya?

Wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas a lokacin da tumatirin rani ya kankama, ya san abin da ake gani kafin gari ya waye. Tireloli ne a jere, wasu daga Kwanar Gafan, wasu daga Danja, kowace ta kwana biyu ko uku a hanya. An ɗora kwando kan kwando, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙarƙashin mota. 'Yan dako na saukewa, dillalai na ciniki, na saman kwando a sayar da shi da daraja, na ƙasan da ya farfashe kuma, wanda Yarbawa ke kira esha, masu tuwo-tuwo da masu ƙaramin ƙarfi su kwashe. Babu mai tambayar abin da motar ta ɗauka kafin ta ɗauko tumatirin, balle a nemi wata takarda.

A garin nan dai na Ikko, idan ka gangara Ijora ko Apapa, wajen tashar jiragen ruwa, za ka tarar da kwantenar riɗi da ta taso daga Dawanau, kayan Arewa ɗaya, kuma sau da yawa mutanenmu ne dai masu shi. Amma wannan kwantenar ba ta isa ta hau jirgi ba sai an tara mata takardu da yawa, kowace da hatiminta. Idan ta isa Turai aka buɗe aka ga abin da bai gamshe su ba, ko dai a mayar da ita ko a lalata kayan, mai kaya kuma ya biya kuɗin yin hakan.

Bambancin da ke tsakanin motar Mile 12 da kwantenar Apapa shi ne gurbin da kamfanonin jigilar kaya suka shiga suna cin abinci. Mutane da yawa na ɗauka abin da irin waɗannan kamfanoni ke sayarwa mota ce da sito. Ni a ganina babban abin da mai kaya ke saya a wurinsu shaida ce: wani da zai iya nunawa, a rubuce, cewa daga ranar da aka ɗaure buhun nan zuwa ranar da aka kwance shi, ga inda ya kwana, ga abin da ya taɓa shi, ga zafi ko sanyin da ya sha.

Dalilin da ya sa shaida ta zama haja shi ne dokokin abinci na duniya sun sauya alƙibla. A da, mai bincike yakan tsaya a ƙarshen hanya ne, ya ɗebi kaɗan ya duba. Bayan Turai ta sha fama da cutar haukan shanu da kuma badaƙalar gubar da ta shiga abincin kaji a Beljiyam a 1999, sai Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ta wajabta wa duk mai hannu a harkar abinci ya san wanda ya ba shi kaya da wanda shi ya miƙa wa. Taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Amurka ma ta bi sahu da babbar dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Janairun 2011, sannan a 2016 hukumarsu ta FDA mai kula da abinci da magunguna ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan tsaftar safarar abinci a mota da jirgin ƙasa. Ƙa'idar ta raba nauyi tsakanin mutum huɗu: mai tura kaya, mai lodi, mai mota, da mai karɓa. Mai tura kaya shi ne zai rubuta wa mai mota irin tsaftar da yake buƙata da sanyin da kayan ke so, mai lodi ya duba motar kafin ya zuba, mai mota kuma ya iya nuna cewa ya cika sharaɗin idan an tambaye shi. Wannan ƙa'idar a kan hanyoyin Amurka take aiki, ba ta iso Lokoja ba. To amma wata ƙa'idar ta ɗora wa ɗan kasuwar Amurka da ke shigo da abinci nauyin tantance wanda ya sayar masa, shi kuwa sai ya juyo ya tambayi Alhajin da ke Legas, Alhaji ya juya ya tambayi mai jigilarsa.

A gida kuwa, matsalar ba rashin hukumomi ba ce, yawansu ne. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da hurumin abincin da aka sarrafa, kuma tana da babban ɗakin gwaji a Oshodi. Hukumar NAQS ita ke duba tsirrai da dabbobi ta ba da takardar lafiyar amfanin gona. Akwai hukumar tarayya mai duba ingancin amfanin gona da nauyinsa da feshinsa, akwai SON mai kula da ma'aunin inganci, akwai rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, akwai fom ɗin NXP da ake cikewa ta banki, ga kwastan a bakin ƙofa. Mutumin da ya shekara talatin yana sayen citta a Kafanchan da Kachia zai iya gane mai kyau da ƙamshi kawai, amma ka ce ya jera maka wace takarda ke gaba da wace, sai ya yi shiru. Aikin farko na ejan mai fitar da kaya ke nan: sanin ƙofofi, da sanin cewa abin da Jafan ke nema a kan riɗi ba shi Turkiyya ke nema ba. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, ba sai an tsaya a kansa ba.

Inda ya kamata a tsaya shi ne labarin wake. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili kuwa shi ne an yi ta samun sinadarin dichlorvos a ciki, wato abin da muka fi sani da fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, buhu guda mai kilo 100 miligiram ɗaya tak aka yarda a samu a cikinsa. Abin da aka riƙa samu a waken Najeriya ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6 a kilo. Da farko dakatarwar ta shekara guda ce, a 2016 aka ƙara mata shekara uku, daga baya aka sake tsawaitawa.

Duk wanda ya san sito ya san yadda haka ke faruwa. Ƙwaron wake ba ya jira. Wata biyu ko uku ya ishe shi ya mayar da buhu gari. Manomi ya zuba magani kafin ya kai kasuwa. Wanda ya saya a kasuwar ƙauye bai san an zuba ba, ya ƙara nasa. Babban ɗan kasuwa ya tara a sito, ya sake fesawa. Ba wanda ya yi da mugun nufi, kowa dukiyarsa yake karewa, amma ba wanda ya gaya wa na gaba abin da ya yi. Kamfanin jigila da ya san aikinsa a nan yake fara amfani, tun kafin a yi maganar mota. Zai ce a ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki da ke toshe iska, irin wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, wanda ƙwaro ke mutuwa a ciki ba tare da magani ba. Idan turare ya zama dole, zai kira mai lasisi ya yi shi da hayaƙin fosfin a ƙarƙashin tamfol, a rufe kwanakin da aka ƙayyade, a buɗe ya sha iska, a rubuta rana da adadi. Zai ɗebi samfur ya kai ɗakin gwaji kafin a zuba kaya a kwantena, domin sakamako mara daɗi a Legas asarar kuɗin gwaji ce kawai, amma a tashar Rotadam ta ƙasar Holan asarar kwantena ce.

Abin da ya fi duka wahalar karɓuwa a wurin 'yan kasuwarmu shi ne hana gauraya. Al'adar Dawanau ita ce a sayo daga kasuwanni goma, a zazzage a wuri guda, a sheƙe, a sake ɗurawa a sabon buhu don kaya su zama iri ɗaya. Ta fuskar ciniki wannan dabara ce. Ta fuskar doka kuwa, an goge sawu ke nan. Buhu biyar masu guba sun shiga cikin ɗari biyar, kuma babu mai iya cewa daga ina suka fito. Sito mai tsari yana ba kowane rukunin kaya lambarsa, a rubuta a jikin buhu, a rubuta a littafi, lambar ta bi kayan har cikin takardar jirgi. Idan matsala ta taso, rukuni ɗaya za a ware. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, kuma a wannan harkar maganar ba ta tsaya a karin magana ba.

Sai kwantenar kanta. Mai kaya yakan ɗauka akwatin ƙarfe ne kawai, duk ɗaya. Ma'aikacin da ya ƙware kuwa kafin ya karɓi kwantena zai shiga ciki, ya sa a rufe shi, ya duba ko haske na shigowa ta wani wuri, don inda haske ya shiga ruwa zai shiga. Zai shinshina, domin kwantenar da ta ɗauko fenti ko fata ko taya za ta bar wa riɗi da koko warinta. Zai taɓa katakon ƙasa ya ji ko da laima. Idan za a ɗora kaya a kan katakon ɗora lodi, sai wanda aka gasa ya ɗauki hatimi, bisa ƙa'idar duniya ta ISPM 15 da ta ce zafin tsakiyar katakon ya kai digiri 56 na minti 30, don kada ƙwaro ya bi itace ya tsallaka teku.

Akwai kuma abin da ake kira gumin kwantena. An cika ta a zafin Legas da laimarta, jirgi ya doshi ƙasar sanyi, bangon ƙarfe ya yi sanyi, sai tururin da ke ciki ya taru a rufi ya riƙa ɗigowa kan buhunan sama tamkar yayyafi. Gyaɗar da ta tashi lafiya sai ta isa da fumfuna. Fumfunar nan ce ke haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma Turai ba ta yarda ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye. Maganin abin ba tsada gare shi ba: a auna danshin kaya da na'ura kafin lodi maimakon a ciza a ce ya bushe, a shimfiɗa takarda mai kauri a bango da sama, a rataya jakunkunan tsotse laima. Amma sai wanda ya taɓa biyan kuɗin wannan darasin ke tunawa da shi.

Riɗi kuma tasa matsalar daban ce, ƙwayar cutar salmonela, wadda ta sa Turai ta tsananta bincike a kan na Najeriya. Ita wannan ba a feshi take zuwa ba. Daga kashin tsuntsu da ɓera da ƙadangare take zuwa, a wurin shanya, a sito mai ɓulallen rufi, ko a bayan mota. Nan ne ya kamata mu kalli kanmu. Tirelar da ta kawo shanu mayankar Oko-Oba da ke Agege ba za ta koma Arewa wayam ba, direba zai nemi lodi, ya share da tsintsiya, ya watsa ruwa in an samu, a zuba masa gishiri ko fulawa. Wadda ta kai takin zamani ko siminti ita ce za ta dawo da masara. Tambayar “me motar nan ta ɗauka kafin yau?” ita ce tambaya mafi arha a duk harkar tsaftar abinci, kuma ita ce ba a cika yi ba a tasha. Ba mu kaɗai ba ne. A 2024 wata jarida a ƙasar Sin ta bankaɗo yadda tankokin da suka sauke mai na masana'antu ke ɗaukar man girki ba tare da an wanke su ba, ƙasar ta ɗauki zafi. Kamfanin jigila na gaske yana ajiye tarihin kowace mota da takardar wankinta, wasu ma sukan keɓe motocin da ba sa ɗaukar komai sai abinci.

Zoɓo ma ya taɓa shiga irin wannan halin. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta, kuma cinikin ya tsaya na wani lokaci bayan an samu ƙwaron sito mai suna khapra a cikin wasu kwantenoni. Ba a koma ba sai da hukumomin ƙasashen biyu suka daidaita kan yadda za a riƙa turara kayan da tantance su. Ƙwaron nan a tsagar bango da tsohon buhu yake ɓuya, wato laifin wurin ajiya ne fiye da na gona.

Kayan sanyi kuwa sun fi kowane kaya tona asiri. Kifin da ake saukewa a Apapa ana rarrabawa ta Ijora, titus da kote da shawa, dole ne ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili. Nama da madara da ba a daskarar ba suna son tsakanin sifili da digiri 4 ko 5. Daga digiri 5 zuwa 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A takarda abin da sauƙi. A hanya kuwa injin firjin mota man gas yake sha, man gas kuma kuɗi ne a hannun direba. Tsohuwar dabarar ita ce a kashe injin da daddare idan an yada zango, a kunna da asuba, kafin a isa kaya sun sake ƙanƙara. Mai karɓa ya taɓa ya ji tauri, ya sa hannu.

Na taɓa zama a shagon wani dattijo mai harkar kifi a lokacin da aka kawo masa sakamakon wata 'yar na'ura da aka jefa cikin kwalayen da ya tura Arewa. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba, aikinta ta riƙa rubuta zafin wurin kowane 'yan mintoci. Yaron da ya kawo takardar ya nuna masa layin da ke tafiya a miƙe, sai ya yi sama na wasu awoyi da tsakar dare, ya sake saukowa.

“Baba Alhaji, nan ne aka kashe injin,” in ji yaron.

Dattijon ya daɗe yana kallon takardar. “Direban nan ɗan aminina ne,” ya ce. “Shekara nawa yana ɗaukar mini kaya.”

“Haka ne, Baba. Na'urar dai ba ta san shi ba.”

Abin da ya faru a shagon nan shi ne zuciyar batun. Fataucinmu na kudu, tun zamanin goro da shanu, a kan amana aka gina shi. Bafatake ya sauka gidan maigidansa a Agege ko Idi-Araba, dillali ya sayar, kuɗi su biyo baya, ba takarda ba sa hannu, kuma tsarin ya yi aiki fiye da yadda baƙo zai zata. Amana tana iya lamunce maka kuɗinka da adadin buhunanka. Abin da ba ta iya lamuncewa shi ne abin da ido ba ya gani. Mutumin kirki ma zai iya rantse maka cewa wakensa lafiya lau yake, kuma gaskiyarsa ya faɗa, don bai san abin da aka zuba kafin ya saya ba. Doka ba halin mutum take tambaya ba, tarihin kaya take tambaya. Kamfanin jigila shi ne tafintan da ke tsakanin waɗannan harsuna biyu, kuma na ga yadda wasu manya ke ɗaukar hakan a matsayin cin fuska kafin su saba.

Wani abin da masu kaya ba su cika sani ba sai an gaya musu: kwantena mai firji ba a yi ta don ta sanyaya kaya masu zafi ba, an yi ta ne don ta riƙe sanyin da aka zuba kaya da shi. Wanda ya tsinko tattasai da rana tsaka ya cusa a ciki, na tsakiya zai dahu kafin sanyi ya kai gare shi. Kuma ba kowane kaya ke son sanyi mai yawa ba. Tumatirin da bai gama nuna ba ya fi son wajen digiri 12 ko 13, ƙasa da haka ya lalace ta wata hanyar. Ayaba da doya ma haka. Albasa iska take so fiye da sanyi. Tsarin yadda aka jera kwalaye ma yana da tasiri, don idan aka toshe hanyar iska injin zai yi ta aiki a banza.

Lokaci ma wani sinadari ne. Waɗanda suka zauna a Legas tsakanin 2017 da 2020 ba za su manta da layin tireloli da ya taso daga Apapa ya hau gadoji ba, mota ta yi makonni kafin ta shiga tasha. A Yunin 2017 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da doya tan 72 zuwa Ingila da Amurka, daga baya rahotanni suka zo cewa wani ɓangare ya isa a ruɓe bayan doguwar tafiya. Jinkiri ba kaya kaɗai yake lalatawa ba, har takarda. Turai, alal misali, ba ta karɓar takardar lafiyar tsirrai da aka bayar fiye da kwana 14 kafin kaya su bar ƙasa. Kwantenar da ta maƙale a layi sai a wayi gari takardarta ta mutu, ƙwarin da aka kashe kuma wasu sun maye gurbinsu. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a Fabrairun 2021, aka ware wuraren tantance kayan fitarwa irin su Lilypond da ke Ijora don hukumomi su duba a wuri ɗaya, tashar Lekki kuma ta fara aiki a 2023. Abubuwa sun yi sauƙi a kan da. Duk da haka, iya haɗa ranar turare da ranar bincike da ranar tashin jirgi su zo daidai, ƙwarewa ce da ake biyan kuɗi a kanta.

To amma kada a ɗauka duk mai ofis a Apapa da kati a aljihu mai ceto ne. Akwai masu cewa “kawo kuɗi, za a samo takardar,” kuma za a samo ta, da hatimi da komai, ba tare da kowa ya buɗe buhu ba. Irin wannan takardar tana fitar da kaya daga Legas, amma ba ta shigar da su ko'ina, domin can za su sake gwadawa. Turai na da tsarin gargaɗin gaggawa da ake kira RASFF, inda duk kayan da aka kama a wata tasha ake sanar da sauran ƙasashen, a rubuta sunan ƙasar da suka fito. Idan sanarwar ta yi yawa sai a ƙara yawan bincike a kan kowa, in ta ƙi a rufe ƙofa. Haka waken ya yi. Mai gaskiya da mai sayen takarda duk jirgi ɗaya ya kwashe su. Kuma ko a hannun kamfani mafi nagarta, akwai iyaka. Mai jigila zai iya hana kaya lalacewa, zai iya gano cewa sun lalace, amma ba zai iya cire gubar da ta shiga gyaɗa tun tana ƙasa ba. Wannan aikin gona ne, irin wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe dominsa, wato abin da ake watsawa a gona don rage gubar afulatoksin. A ƙarshe kuma sunan mai kaya ne a kan takarda, shi doka za ta nema.

Akwai batun kuɗi ma. Gwaji, turare, sito mai tsafta, na'urar auna sanyi, duk kan kwantena guda ake raba kuɗinsu, don haka babban ɗan kasuwa ya fi jin sauƙinsu. Ƙanana sukan haɗa kaya a kwantena ɗaya, kamar masu tura garin rogo da kuka da daddawa da busasshen kifi ga 'yan'uwa mazauna waje. Hakan na rage tsada, amma idan kayan mutum ɗaya suka saɓa doka, na kowa za a tsare. Ejan mai hankali shi ne wanda zai iya duban abokin cinikinsa ya ce wannan ba zai shiga ba. Misali, tun 2018 Amurka ta daina karɓar tarwaɗa daga Najeriya, busasshiya ko ɗanya, saboda ƙasar ba ta cika sharuɗɗan tsarin bincikensu ba. Wanda ya cusa ƙulli biyu cikin lodin jama'a ya jefa mutum goma cikin asara.

Abin da ya fi damuna dai shi ne motar da muka baro a Mile 12. Waken da Turai ta ce ba za ta ci ba, ba zubar da irinsa aka yi ba. Mu muke cin sa, a ƙosai da alale da shinkafa da wake. Duk wannan ƙwarewar ta lamba da gwaji da wanke mota, an fi yin ta ne don cikin wasu. A cikin gida, masu tilasta ta ba hukuma ba ce sosai, manyan kantuna ne da otal-otal da masana'antun abinci na Ikeja da Agbara, waɗanda ba sa karɓar kaya sai da bayanin inda suka fito. Gwamnatin Legas ta yi wasu yunƙuri: ta hana ɗaukar nama a kan babur ta kawo motocin nama na musamman daga Oko-Oba, ta buɗe kasuwar kayan gwari ta zamani a Idi-Oro da ke Mushin, ta kuma fara gina babbar cibiyar ajiya da rarraba abinci a yankin Epe. Wanda ke bin titunan Agege da safe shi zai faɗi ko babura sun daina ɗaukar nama.

Batun kwando da kiret ya isa misalin yadda abin ke cijewa. Kowa ya yarda kiret ɗin roba ya fi: ana ɗora shi kan ɗan'uwansa ba tare da nauyi ya sauka kan tumatir ba, iska na ratsa shi, ana wanke shi. Kwando kuwa tsinkensa na huda tumatir, ba ya wankuwa, kuma ruɓar jiya na nan maƙale a jikinsa. An shekara da shekaru ana wayar da kai a kan haka, kuma yanzu ana ganin kiret a Mile 12. Me ya sa bai kori kwando ba? Saboda kwando ba mazubi ba ne kawai, ma'auni ne. Da shi ake yanka farashi tun daga gona, da shi dillali ke lissafin la'adarsa. Akwai masu saƙa shi da ke ci daga gare shi. Sannan kwando tafiya ɗaya yake yi, a sayar da shi tare da kayan ko a yar. Kiret kuwa dukiya ce, dole a tattara shi, a ƙirga, a wanke, a mayar da shi Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, yana cin wurin da direba zai sa lodin da za a biya shi.

Shi ya sa waɗanda suka fi samun nasara a wannan fannin ba masu sayar da kiret ba ne, masu ba da hayarsa ne, su bi sawunsa, su wanke, su mayar. Manomin Kura ba zai iya bin kiret ɗinsa har Legas ba, dillalin Mile 12 kuma ba shi da dalilin mayar da abin da ba nasa ba. Na tambayi wani dillali a kasuwar ko me zai sa ya koma kiret gaba ɗaya. Ya ce shi ba ya ƙin sa, ya ga yadda esha ke raguwa a motar da ta zo da shi. Sai ya nuna mini tarin kiret ɗin da aka jingine a bayan rumfarsa, ya ce kwanansu tara a nan, mai su yana ta bugo waya daga Kano, kuma har yanzu ba a samu motar da za ta ɗauke su a kuɗin da zai iya biya ba.